Daga Tamburawa zuwa Tiga: Ko yankin noman rani na Kano zai iya cin moriyar masu yawon shaƙatawa?

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya a watan Janairu, da zarar ya haye gadar Tamburawa a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, zai ga ƙasa ta fara sauya kama. A bayansa ya baro ƙura da hazon hunturu da busassun karare. A gabansa kuwa, tun daga Karfi har Kura da Kadawa, kore ne shar iya ganin ido: alkama ta fara tashi, albasa ta yi kai, tumatir ya soma ja, ruwa kuma yana gudu a magudanan siminti babu ƙarar inji. Dubban motoci ne ke ratsa wannan yanki kullum. Mafi yawan fasinjojinsu ba sa tsayawa, sai dai direba ya ɗan rage gudu a sayi rake ko gasasshiyar masara ta taga.

A daidai wannan lokaci, birnin da ake ƙiyasta mazaunansa sun haura miliyan huɗu yana fama da ƙarancin wuraren da magidanci zai kai iyalinsa su sha iska. Ranar Sallah gidan zu na Audu Bako da wuraren wasan yara da manyan kantuna kan cika maƙil, har a rasa masaka tsinke. Wato a gefe guda ga jama'a masu neman inda za su je, a ɗaya gefen kuma ga ruwa da tsanwa da abinci a tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, amma babu wani tsari da ya haɗa su.

Wasu tsibiran tekun Bahar Rum, irin su Sisili da Kirit, sun daɗe da gano yadda ake mayar da gona da girkin gida da tafiyar ƙafa a daji su zama hanyar samun kuɗin mutanen karkara. Tambayar da ke gaban Kano ita ce ko za a iya ɗaukar wani abu daga can, kuma idan an ɗauka, aljihun wa zai shiga.

Abin da aka taɓa hangowa

Tunanin ba sabo ba ne. Lokacin da gwamnatin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, babban burinta shi ne noman rani da ruwan sha. Tafkin da aka samu yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan ruwan yake bin babbar magudana ya zuba a Ruwan Kanya, sannan ya gangara da ƙarfin kansa zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Kashin farko na aikin, wanda aka fi sani da Shirin Noman Rani na Kogin Kano, an tsara masa hekta 22,000, kuma tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce ke kula da shi.

Amma waccan gwamnati ba ta tsaya kan noma kaɗai ba. Ta gina otal a bakin tafkin Bagauda, an kuma kafa otal ɗin Rock Castle a kan duwatsun Tiga. A can kudu ga dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun namun dajin Kogin Kano. Dattawan birni da yawa suna tuna lokacin da ake ɗaukar iyali a tafi Bagauda hutun ƙarshen mako.

Yadda abin ya ƙare sananne ne. Madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988. Daga baya aka mayar da gine-ginen otal ɗin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Otal ɗin Tiga ya shafe shekaru cikin lalacewa, gwamnatoci suna zuwa suna alkawarin farfaɗo da shi. Falgore kuwa ya yi ƙaurin suna a matsayin maɓoyar ɓarayin shanu a tsakiyar shekarun 2010, har gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bai wa sojoji wani ɓangare nasa don atisaye.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. An gina harkar shaƙatawa a kan manyan gine-gine mallakar gwamnati, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga kasafin kuɗi da sha'awar wanda ke kan mulki. Manomin Kura da masuncin Tiga ba su da hannu a ciki, don haka da gine-ginen suka fara zubewa babu wanda ya ji asarar a tukunyarsa balle ya tashi tsaye. Gonakin kuwa, da yake masu su na ci daga gare su, har yau suna nan.

Yadda tsibiran suka bi

A shekarar 1985 Italiya ta kafa dokar da ta bai wa manomi damar karɓar baƙi a gonarsa, ya ciyar da su, ya ba su wurin kwana, ba tare da an ɗauke shi a matsayin mai otal ba. An sabunta dokar a 2006. Sharaɗinta mafi muhimmanci shi ne dole noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan, kuma abincin da za a ba baƙo ya fito galibi daga gonar ko daga maƙwabtanta. An yi haka ne don hana ƙauyuka mutuwa sakamakon ƙaurar matasa zuwa birane. Yau akwai irin waɗannan gonaki sama da 25,000 a faɗin ƙasar, kuma Sisili da Sardiniya suna da kaso mai kyau a ciki.

Abu na biyu shi ne bai wa amfanin gona suna da asali. Tumatirin garin Pachino da ke kudu maso gabashin Sisili ya samu rajistar kariya ta Tarayyar Turai a 2003, ta yadda babu wanda zai sayar da tumatirin wani wuri da wannan suna. A 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya tsarin cimar mutanen Bahar Rum cikin jerin al'adun gado na duniya, sannan aka faɗaɗa shi a 2013 ya haɗa da tsibirin Sayifurus. Abincin da a da ake gani na talakawan ƙauye ne, wato ganye da wake da man zaitun da burodi, shi ne ya koma abin da baƙo ke biyan kuɗin jirgi ya je ya ci.

Na uku shi ne tafiyar ƙafa. Kwazazzabon Samariya da ke Kirit ya zama gandun ƙasa a 1962. Tafiya ce ta kimanin kilomita 16 wadda ake buɗewa daga Mayu zuwa Oktoba, ana biyan kuɗin shiga, akwai masu gadi da wuraren shan ruwa a hanya. Babu wani katafaren gini a cikinsa. Hanya ce da aka share, aka sa mata alamomi da ƙa'ida, ƙauyukan da ke bakinta kuma suna sayar da abinci da masauki.

Akwai wata alaƙa ta tarihi da mai karatu a Kano zai so ya sani. Musulmi sun ci birnin Palermo a shekarar 831, suka riƙe shi har zuwa 1072, kuma a zamaninsu ne noman lemo da rake da dabarun ban-ruwa ta magudanan ƙarƙashin ƙasa suka bunƙasa a Sisili. Wasu daga cikin waɗannan magudanai suna nan, ana kai baƙi su gani. Ke nan hanyar ruwan da aka haƙa don noma tana iya zama abin kallo ba tare da ta daina aikinta ba.

Abin da yankin ke da shi

Idan aka auna yankin da ke tsakanin Dawakin Kudu da Tiga da waɗannan ma'aunai, ba ya rasa kayan aiki.

Ta fuskar abinci, Kura ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin casar shinkafa a Arewa, inda ɗaruruwan ƙananan injina ke aiki, mata kuma suke turara shanshera a cikin gidaje. Alkamar Kadawa tana cikin wadda ake yin gurasa da alkaki da alkubus da funkasau da ita. Kasuwar Kwanar Gafan ana loda tumatir daga cikinta zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Ga rake, ga kankana, ga kifin Tiga, ƙarfasa da tarwaɗa, ga nonon rugagen da ke kewaye. Yaron da aka haifa a Tarauni ko Gwale yana iya cin bandashe shekara goma bai taɓa ganin zangarniyar alkama a tsaye ba.

Ta fuskar yanayi, lokacin da yankin ya fi kyau ya dace da lokacin da fita ta fi daɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba ta da zafi, gonaki sun yi kore, hanyoyin da ke gefen magudanai a bushe suke, sun dace da tafiyar ƙafa da keke da kilisa a kan doki. A watannin nan ne kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a dausayin Arewa, su tarar da belbela da zalɓe da kirinjijiya. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ruwan Tiga ke ƙarasawa cikinsa, wani sashensa yana cikin jerin wurare masu daraja na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000 saboda waɗannan tsuntsaye. Duwatsun Rano da Rurum kuma suna kusa ga masu sha'awar hawa.

Ta fuskar tarihi da sana'a, Kura tsohuwar cibiyar rini ce, wadda turkuɗinta ya yi suna har cikin Sahara a wurin Buzaye. Dawakin Kudu tana da Kwalejin Kimiyya da aka kafa a 1977, wadda ta yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, ga matatar ruwa ta Tamburawa da ke shayar da wani babban sashe na birni. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Malamin makarantar da ke son nuna wa ɗalibai yadda ruwa ke tasowa daga madatsa ya zama abinci a faranti, ko ya zama ruwan famfo, yana iya yin haka cikin yini guda.

Me ya sa yanzu

Dalili na farko shi ne halin da manomin yankin yake ciki. Matsalarsa ta shekara da shekaru ita ce farashi. Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan yi ambaliya a kasuwa, kwando ya faɗi warwas, wasu su yanka su shanya ya zama kauɗa, wani kuma ya ruɓe a gona. Zuwa Mayu da Yuni sai ya yi tsadar da uwargida ke komawa ga na gwangwani. Kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a watan Maris na 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana, an yi fatan zai warware wannan, amma a shekarar da aka buɗe shi tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, kuma tun daga nan yana buɗewa yana rufewa. Tsutsar ta sake yin ɓarna a 2024.

Shinkafa ma ta ga hawa da sauka. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a 2015 da rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019 sun sa noman ta ya yi riba, injinan casa suka ƙaru. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin sufuri da na ban-ruwa ga masu amfani da injin jawo ruwa a fadamun bakin kogi, kamar na Dawakin Kudu. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, bayan haka farashin shanshera ya sauka alhali taki bai sauka ba. Mai saye a birni ya samu sauƙi, manomi kuwa ya ji a jikinsa. Duk wata hanya da za ta sa ya sayar da wani kaso na amfaninsa kai tsaye ga mai ci, ba tare da dillali ba, tana da daraja a irin wannan hali.

Dalili na biyu shi ne yadda harkar yawon buɗe ido ta Kano ta ta'allaƙa ga abu guda. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma a 2024 da 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda taƙaddamar masarauta. Jihar da kusan duk baƙinta ke zuwa don 'yan kwanaki a shekara, kuma kwanakin nan siyasa na iya soke su, tana buƙatar ƙafa ta biyu da za ta tsaya a kai.

Na uku shi ne an riga an kashe kuɗi. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 495 dominsa a 2014, ya gyara magudanai da hanyoyin cikin gona a Kano da wasu jihohi, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Sashen Zariya zuwa Kano na babban titin Abuja an buɗe shi a 2023. Hanyoyin da aka yi don tarakta da motar ɗaukar kaya su ne dai baƙo zai bi.

Ruwan na wa ne

Sai dai tsibiran Bahar Rum suna da wani darasin mai ɗaci. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Sisili saboda fari. An riƙa raba ruwa da awo a garuruwa irin su Agrigento, tafkuna suka ƙafe, makiyaya suka rasa abin ba dabbobi, aka shiga muhawara kan ko otal ya fi gona cancantar ruwa. A shekarar ce kuma dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Palma na tsibirin Mayorka, suna kukan cewa yawan baƙi ya sa kuɗin haya ya fi ƙarfin ɗan gari. Ko a Samariya, mutanen ƙauyen da ke cikin kwazazzabon sai da aka tashe su kafin a kafa gandun.

Ruwan Tiga tun yanzu yana da masu jiransa da yawa: manoman Kura da Bunkure, famfunan birnin Kano, tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a madatsar, manoman kwarin Haɗeja, da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe. Tun bayan gina Tiga da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, mutanen ƙasan kogi suke kukan sauyin ambaliyar da suka saba noma da ita, da kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Duk wani tsarin shaƙatawa da zai buƙaci tafkin iyo da filin ciyawa mai shan ruwa rani da damina zai ƙara baki ne a kan akushin da bai ishi masu shi ba.

Akwai kuma haɗurran da dole a faɗe su. Ruwan magudana yana da gudu, gefensa na siminti yana da santsi, kuma nutsewar yara da matasa a tafkuna da kududdufai labari ne da Hukumar Kashe Gobara ta Kano ke yawan fitarwa. Hatsarin kwalekwalen da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya nuna abin da lodi fiye da kima da rashin rigar kariya ke jawowa. Cutar tsargiya tana yaɗuwa a ruwan da ke kwance a yankunan ban-ruwa, don haka wanka a ciki ba wasa ba ne. Feshin maganin ƙwari barkatai, musamman a kan tumatir, yana shafar mai feshin da mai ci. Kogin Challawa kuma yana ɗauke da dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa kafin ya iso Tamburawa, ga masu haƙar yashi da tifofinsu suna zaftare gaɓarsa. Ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta tunatar da kowa cewa madatsar da ta shekara hamsin tana buƙatar bincike a kai a kai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya kashe maganar. Hasali ma, zuwan baƙi na iya zama silar gyara wasu, domin gurɓatar da manomi ya gaji da kuka a kanta takan samu kunnen hukuma idan 'ya'yan masu faɗa a ji suka fara zuwa wurin. Amma gayyatar iyalai kafin a yi shinge a wuraren haɗari da kafa dokar kwalekwale ganganci ne.

Wa zai ci ribar

Babbar barazana ga manomi a nan ita ce ƙasa. Gonakin da ke gefen titin Zariya da na Dawakin Kudu tuni masu yanka filaye suka sa musu ido, birni yana matsowa kudu shekara bayan shekara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ake biya galibi ta amfanin gona ce da gine-gine. Da zarar an ce wani yanki zai zama wurin shaƙatawa, farashin fili zai tashi, kuma mai ƙaramar gona da bashin taki ya yi wa katutu shi ne zai fara sayarwa. Dubban mutanen da aka tasa lokacin gina Tiga sun san yadda aikin ci gaba kan wuce ta kan wanda yake zaune a wurin.

A nan ne sharaɗin dokar Italiya yake da amfani. Idan izinin karɓar baƙi na wanda ke noma gonar ne, kuma yana faɗuwa ranar da ya daina noma, to attajirin da ya sayi fili ya kewaye da katanga bai samu komai ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda suka riga suka saba tara kuɗin ruwa da yashe magudanai, za su iya zama masu karɓar kuɗin shiga da kula da hanya. Tsibiran Baliyarik suna karɓar harajin baƙi tun 2016 don kashewa a kan muhalli. Kwatankwacinsa a nan shi ne kuɗi kaɗan a kan kowace motar baƙi, wanda zai tafi ga gyaran magudana a gaban idon waɗanda suka biya.

Dole kuma tsarin ya dace da mutanen wurin. Gonakin Sisili suna jan baƙi da giyar inabi, abin da ba shi da gurbi a Kano. Baƙon da ya kamata a yi lissafi da shi ba Bature ba ne, domin gargaɗin tsaro da ofisoshin jakadanci ke bayarwa kan Arewa ba zai gushe da wuri ba. Baƙon shi ne magidanci daga Hotoro da matarsa da yara, da motar makarantar firamare, da ƙungiyar 'yan keke, da ɗan kasuwar da ya zo Kantin Kwari daga Nijar ko Chadi yana da yini guda a hannunsa. Abin da suke buƙata ba shi da tsada: inuwa, tabarma, wurin alwala da sallah, banɗaki mai tsabta na maza da na mata, ruwan sha, da abincin da aka dafa a gabansu. Matan da ke turara shinkafa da masu yin waina da dambu su ne za su fi kowa samu, kuma da yawansu za su iya yi daga cikin gidajensu ba tare da sun saɓa wa al'ada ba.

Inda za a iya farawa

Wani cikas shi ne rabuwar iko. Madatsa da magudanai na hukumar tarayya ne, ƙasa da yawon buɗe ido na gwamnatin jiha, kasuwanni na ƙananan hukumomi, amincewar jama'a kuma tana hannun hakimai da dagatai. A matakin tarayya ma, ma'aikatar yawon buɗe ido da aka ƙirƙira a 2023 an haɗe ta da ta al'adu a watan Oktoba na 2024. Idan ba a zauna an rubuta wa ke da alhakin me ba, ranar da yaro ya faɗa ruwa kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne gwaji ƙarami wanda za a iya aunawa. A zaɓi hanya guda ta 'yan kilomitoci a gefen wata magudana, a yi mata shinge a wuraren haɗari, a horar da matasan ƙauyukan su zama 'yan rakiya. A ware ranar Asabar a watannin da tumatir ya yi yawa, iyalai su zo su tsinka da hannunsu su biya manomi, a gonakin da malaman gona suka tabbatar an kiyaye tazarar da ta kamata tsakanin feshi da tsinka. Ma'aikatar ilimi ta sa ziyarar Tiga da Kadawa da Tamburawa cikin jadawalin makarantu. A yi wa shinkafar Kura rajistar tambari na haɗin gwiwa, ta daina fita a buhun da ke ɗauke da sunan wata ƙasa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta karɓe shi a 2016, ya nuna cewa taron da ya tsiro daga sana'ar mutane yana iya jan jama'a, ko da yake shekarun da ya yi a dakace sun nuna illar jiran gwamnati ta ɗauki nauyin komai.

Kada kuma a zuzuta abin fiye da ƙimarsa. Baƙin ranar Asabar ba za su shanye tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan ba, ba za su maye gurbin kamfanin sarrafawa da ɗakin sanyi da taki mai rahusa ba. Ƙari ne a kan noma, kamar yadda dokar 1985 ta ɗauke shi. Amma ga gidan da ke da rabin hekta, kwanduna goma da aka sayar a bakin gona da farashin birni suna iya zama kuɗin irin baɗi.

Hanyar da za a gane ko an kama turba ba ta da wuya. Idan sanarwar farko da ta fito daga gwamnati ta kwangilar sabon otal ce a bakin tafki, to an koma gidan jiya, kuma ƙarshen Bagauda yana nan yana jira. Idan kuwa ta zaman farko ce da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure da manoman fadamar Dawakin Kudu, a kan wace hanya za a buɗe, nawa za a karɓa, da wa zai riƙe kuɗin, to akwai alamar wannan karon masu gonar za su ga nasu rabon kafin ruwan rani na gaba ya sauka daga Tiga.